Zan fara gini a ƙuryar lungu: dole ne sai na bi maƙwabta na sanar da su?

Abban_Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ina da ɗan fuloti a Ɗorayi a nan Kano, awon igiya (ba yankan gwamnati ba), shekara 6 ke nan da na saya, sai bana Allah ya hore abin da zan ɗora bulo. Filin a ƙuryar lungu yake, gida 9 ne a layin, hanyar shiga ɗaya ce kuma ba ta ɓullewa. Mota ɗaya ke iya wucewa, in an yi karo sai ɗaya ta ja da baya. Kowa ya gina ya tare, filina kaɗai ya rage. Ke nan duk tifar da za ta kawo yashi ko dutse ko marmara sai ta bi ta ƙofar gidan kowa, kuma ba inda za ta juye sai kan hanya. Ni a ganina in bi su gida-gida in gaya musu. Yayana ya ce kada in kuskura, wai tallan kai ne, kuma wanda ya je neman izinin da ba a tambaye shi ba ya buɗe ƙofar da za a kafa masa sharaɗi. Ku da kuka taɓa gini a tsakiyar mutane, yaya kuka yi?

Ɗan_Kurna: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya. Ka je ka gaya musu mana, me zai ci maka? Gaisuwa ce kawai.

Oga_Sharaɗa: Ni ina bayan Yayanka. Filinka ne, kuɗinka ne, ba roƙo ka yi ba. Su da suka yi nasu ginin wa suka sanar? Kana zuwa wani zai ce kada tifa ta shigo da safe, wani ya ce kada ta shigo da yamma, wani ya ce matarsa na da ciwon kai. Kafin ka ankara an mayar da kai ɗan haya a filinka. Kuma mu faɗi gaskiya, ba kowa ne ke murna da ganin mutum ya ɗora bulo a wannan marra ba. Ka yi shiru da bakinka, su wayi gari su ga aiki na tafiya.

Maman_Ilham: @Oga_Sharaɗa, Allah ya huci zuciyarka, amma da ka ga abin da na gani ba za ka faɗi haka ba. A layinmu a Rijiyar Zaki wani bawan Allah ya sa aka juye masa tifa biyu ta yashi bayan magariba, a daidai bakin lungu, ba wanda ya sani. Direba ya ce ai da sassafe leburori za su kwashe. A daren nan naƙuda ta kama matar gidan da ke kallon namu, haihuwar fari. Mijinta ya samo mai adaidaita da ƙyar wajen ƙarfe biyu, ya zo ya tarar da tudun yashi ya kusa kai ƙirjin mutum, daga wannan katanga har waccan. Ni da uwar mijinta muka riƙo ta, ɗaya dama ɗaya hagu, muna hawa yashin yana zamewa da mu, takalminta ɗaya ya nutse a ciki ba mu tsaya nema ba, mijin yana haska mana da fitilar waya hannunsa na rawa. Allah ya sauke ta lafiya, amma yau shekara 4 gidajen nan biyu ba sa gaisawa da kyau. Mai ginin ya zo da kansa ya ba da haƙuri, ya ce wallahi bai san akwai mai tsohon ciki a layin ba. To ta yaya zai sani, tunda bai tambaya ba? Sanarwar nan ba don su ji labarinka ba ce kawai, don kai ma ka ji nasu ne.

Ɗan_Kurna: Subhanallah. Wannan kaɗai ya isa amsa.

Oga_Sharaɗa: Hajiya wannan ai laifin direba ne da rashin tsari, ba rashin sanarwa ba. Ko ya sanar, yashin nan yana nan a hanya.

Maman_Ilham: Da ya sanar da an ce masa ya bari sai safiya. Shi ke nan fa.

Birkila_Bachirawa: Ku bari mai sana'ar ya sa baki. Shekarata 22 ina gini a garin nan, kuma na ga aikin da maƙwabta suka ɗauka a kai kamar nasu, na ga wanda suka sa wa ido har ya zama kango. Maganar ɓoyewa da ake yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da aka ja igiya aka zuba farin siminti a ƙasa don fitar da ɗakuna, yaran layi sun riga sun kai labari kowane gida. Abin da ya rage kawai shi ne daga bakinka suka ji ko daga bakin yara.

Alhaji Abban_Sadiq, kai ne za ka fi buƙatarsu, ba su ba. Ina za ka ajiye siminti kafin ka sami ɗaki mai ƙofa? Zauren wani ko garejinsa. Ina za ka ja wuta ranar da mai walda zai zo? Wa zai ga mai baro yana kwasar rodinka da asuba ya kira ka? Kai kana can wata unguwa kana barci. Kuma ga abin da masu gida ba sa tunawa: banɗakin leburori. Mutum goma su wuni a wuri tun safe har la'asar, in ba ka tanadar musu ba, jikin katangar maƙwabci za su riƙa zagawa. Faɗan da na fi rabawa a wurin aiki ke nan, ba ƙarar inji ba. Ka haƙa rami ka kewaye da langa-langa tun ranar farko.

Sarkin_Zolaya: Ni abin da nake son sani, a wannan tsadar siminti wane ne ma yake gini? Abban_Sadiq ka faɗa mana sirrin kafin ka faɗa wa maƙwabta.

Abban_Sadiq: Sirrin adashi ne da sayar da mashin, Yallaɓai. Ɗaki biyu da falo zan fara, in Allah ya buɗa gaba a ɗora bene.

Ummu_Khalil: To ga inda ni tawa maganar take, benen nan. Maza kuna ta zancen hanya da tifa, mu da muke wuni a tsakar gida abin da ya dame mu daban ne. Ranar da gini ya kai linta, leburori sun hau katako, duk tsakar gidanka a tafin hannunsu take. Wanki, girki, fitowa daga wanka, komai. Lokacin da ake ginin bayan gidanmu sati uku na yi ina tuƙa tuwo da hijabi cikin zafin watan Afrilu, ku da kuka san zafin Kano kun san me nake nufi. Ba wanda ya turo ko yaro ya ce mana gobe za a hau. Sai kawai na ɗaga kai na ga ƙato a tsaye yana cin gyaɗa yana kallon tukunyata.

Hajiya_Gwale: Ikon Allah, zamani. Mu da muka taso a cikin birni, ko yaɓe za a yi kafin damina, ko gyaran indararo, magini ba ya taka tsani sai an aika yaro gidajen da ke kewaye ya yi sallama ya ce wai za a hau sama. Shi ma maginin in ya hau sai ya ɗaga murya ya ƙara faɗa. Mata su kintsa, a kwashe shanyar da ba ta kamata a gani ba. Ba doka ba ce ta gwamnati, ba takarda, tarbiyya ce kawai. Ɗana Abban_Sadiq, kai ka je wurin maza, amma ka tura maiɗakinka ta shiga wurin matan. Abin da mace za ta gaya wa 'yar'uwarta mace ba za ta bari mijinta ya kawo maka ba. Ta riƙe ɗan sabulu ko goro, ba don an rasa ba.

Malam_Na_Dala: Bismillah. Abin da Hajiya ta kira tarbiyya yana da tushe a fiƙihu. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito sananne ne, cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, a babin hukunce-hukunce an kawo ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, aka ba da misali da buɗe taga kusa wadda za ta tona asirin gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa saitin ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarka ne. Ku lura da wannan na ƙarshen, ko da a cikin mallakarka. Don haka "filina ne, kuɗina ne" ba ta wanke mutum. Amma ɗaya ɓangaren ma akwai: hadisin Abu Huraira ya zo cewa kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Wato su ma maƙwabtan an neme su da sauƙaƙawa. Gini ba ya yiwuwa sai da ƙura da ƙara, wannan dole a yi haƙuri da shi.

Oga_Sharaɗa: Allah gafarta Malam, na karɓi gyara a kan taga da rami. Amma ba ka ce sanarwa wajibi ba ce.

Malam_Na_Dala: Ban ce ba. Kau da cuta shi ne wajibi. Sai dai ka gaya min yadda za ka san abin da zai cuci mutum ba ka tambaye shi ba.

Injiniya_MK: Bari in ƙara ta fuskar aiki. Kuskuren da mutane ke yi shi ne sanarwa sau ɗaya, "zan fara gini, a yi haƙuri da mu", sannan a ɓace wata shida. Wannan ba ta da amfani sosai. Ranakun da suke takura wa mutane ƙididdigaggu ne: ranar juye kaya, ranar haƙa fandisho da shokawe, ranar zuba dakin (rufin kankare), ranar haƙa bohol in za ka yi, sai lokacin rufi da yankan tayil. Kowacce a faɗe ta da kwana biyu ko uku kafin ta zo, a faɗi ƙarfe nawa za a fara.

Dakin ya fi kowanne. Kankare ba a zuba rabi a ce sai gobe, in an fara sai an kai aya, don haka injin kwaɓa zai tashi tun bayan asuba, leburori ashirin ko fiye suna hawa da sauka da kwanon sarki, hanya a toshe da yashi da dutse da duro-duron ruwa, wani lokaci har bayan isha. Wanda ke da mota a layin gara ya fitar da ita tun dare. Bayan nan kuma sai an yi aƙalla kwana 7 ana ba shi ruwa, kuma ruwan nan yana gangarowa. In katangar maƙwabcinka ta ƙasa ce, ka san inda zai bi.

Bohol kuwa, ƙasan Kano dutse ne, injin sai ya yi ta dukan dutse da iska mai ƙarfi, ƙarar tana shiga har cikin kai, ga farar ƙura, in an taɓo ruwa kuma ga caɓi ya malale layi. Wanda ke da jariri ko marar lafiya ya kamata ya sani ya kai shi wani gida ya wuni.

Shawara ta ƙarshe: kafin diga ta taɓa ƙasa, ka kira maƙwabtan da kuka haɗa katanga, ku zaga tare, ka ɗauki hoton bangonsu da waya a gabansu. Duk tsagewar da ke nan a gan ta tun yanzu. In ba haka ba, tsagewar shekara goma za ta zama taka. Kuma kada a haƙa rami mai tsawo a jikin ginin mutum a bar shi a buɗe, musamman da damina.

Sarkin_Zolaya: Injiniya ka manta ba ka faɗi kuɗin shawara ba.

Baffa_Hotoro: Tambaya, ka sami takardar izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano? Don in ba ka da ita, sanar da maƙwabta kamar kai ƙarar kanka ne. Mutum ɗaya ya ji haushi, sai ka zo ka tarar da jan fenti a bango.

Injiniya_MK: Wannan ai dalili ne na neman takardar, ba na ɓuya ba. Tunda yana da niyyar bene ma, tun daga fandisho ya kamata a zana shi a matsayin bene, a duba. Ba mu manta da benen da ya rufta a Beirut Road a watan Agustan 2022 ba. Gini in ya faɗi ba ya tambayar iyakar fuloti.

Baffa_Hotoro: Haka ne, amma ka san awon igiya da wuyar sha'ani wajen takardu. Wannan zance ne na wata rana.

Direban_Tifa_001: Ana ta zagin direbobi a sama, bari in kare kaina. Mu da lodi ake biyan mu, in na tsaya awa ɗaya a lungu ina jiran a nemo mai motar da ya toshe hanya, na yi asarar sawu guda. Shi ya sa wasunmu suke juyewa duk inda suka samu su tafi. In mai gini ya gaya wa mutane tun jiya, na zo na tarar hanya a buɗe, minti goma na gama. Abu biyu nake roƙo a duba kafin a kira mu: wayoyin wuta da suka ratsa lungu, don in bodi ya ɗaga sama yana tsinka su, da kuma silab ɗin da mutane ke rufe kwata da shi a ƙofar gida. Yawancinsu don ƙaramar mota aka yi su, tifa da lodi in ta taka sai ya fashe. Kuma kada a kira mu ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da safe, ranar tsaftar muhalli ce, ba fita sai ƙarfe goma. Juma'a ma daga sha biyu a haƙura.

Maman_Ilham: Ka ƙara da lokacin tashin 'yan makaranta da na tafiya Islamiyya. Tifa tana ja da baya a lungu yara na bin ta a guje, ni gabana faɗuwa yake. Ramin shokawe kuma a rufe shi kullum in an tashi aiki, ruwan sama ɗaya ya cika shi yara sun mayar da shi wurin wasa.

Ɗan_Boko_Tarauni: Me zai hana ka buɗe musu zaure a WhatsApp kawai? Gida 9 ne, ka tura saƙo ɗaya kowa ya gani. Ko ka buga takarda ka liƙa a bakin layi.

Hajiya_Gwale: Takarda kuma? Sai ka ce sammaci. Ɗana, mutumin da za ka zauna da shi har ƙarshen rayuwa, shi zai fara zuwa in an yi maka rasuwa, ka fara masa da takarda a bango? A fara da ƙafa tukuna, a ga fuska. Waya ta biyo baya.

Ɗan_Kurna: A haɗa duka. Ka fara da mai unguwa, ka yi sallah a masallacin layin, bayan an idar ka gaisa da liman ka gabatar da kanka. Rabin aikin ya ƙare a nan. Sauran ka bi su gida, ka bar lambarka da ta birkilanka.

Abban_Sadiq: Jama'a na gode, Allah ya saka. Ga yadda ta kaya. Jiya na je wurin mai unguwa, ya haɗa ni da wani dattijo a layin muka zaga tare bayan la'asar, maiɗakina kuma ta shiga cikin gidajen kamar yadda Hajiya ta ce. Gida 7 sun karɓe mu hannu bibbiyu, ɗaya ma ya ce in ajiye siminti a shagonsa da ba kowa a ciki. Na kuma ji abin da ban sani ba: gida na uku suna aurar da 'yarsu nan da kwana 12, a layin za a kafa rumfa, kuma a satin na shirya kawo yashi. Na ɗaga.

Amma maganar Yayana ma ba ta faɗi ƙasa ba. Wata tsohuwa da muka haɗa katanga ta baya ta ce shekara da shekaru indararonta a filina yake zuba, in na gina ina ruwanta zai bi? Na rasa amsa. Shi kuma mai gidan farko a bakin layi ya ce tifa ba za ta taka masa silab ba ko da wasa, shi ya zuba da kuɗinsa. Na ce in ya fashe zan gyara, ya ce shi ba gyara yake so ba, kada a fasa. Ko ruwa bai ce a kawo mana ba.

Oga_Sharaɗa: To, me na ce? Da ka yi shiru da yanzu yashinka na ƙasa.

Maman_Ilham: Yashinsa na ƙasa a tsakiyar rumfar biki, ko?

Oga_Sharaɗa: Wannan na yarda. Amma mai silab fa? Yanzu an ba shi sanda.

Birkila_Bachirawa: Sandar tana hannunsa tun da, bai sami ranar ɗaga ta ba ne. Gara ya faɗa yanzu da ya fito ya tsaya gaban tifa da lodi a kai kana biyan direba kuɗin jira. Alhaji, ka juye a bakin titi in akwai wuri, ka sa 'yan baro su shigo da shi a ranar, kada ya kwana. Zai ƙara maka kuɗi, ba ƙarya. Ko ka nemi ƙaramar mota ta yi sawu da yawa.

Direban_Tifa_001: Ko a shimfiɗa katakai masu kauri a kan silab ɗin, nauyin ya rarrabu. Muna yi. Amma sai ya yarda, kuma ni ban ɗaukar alkawarin ba zai tsage ba.

Malam_Na_Dala: Maganar tsohuwar nan ta fi ta silab nauyi a wurina. Kada ka yanke hukunci kai kaɗai, kuma kada ka toshe mata ka ce ai filinka ne. Ku koma wurin mai unguwa da ita ko da ɗanta, a duba ko za a juya indararon ya zuba ta cikin gidanta zuwa kwata, kai ka ɗauki nauyin bututun da aikin. A yi shi gaban shaidu kafin ruwa ya sauka.

Injiniya_MK: In ka turo min hoton bayan katangar da inda kwatar layin ta bi zan gaya maka ko bututu zai iya. Ka ɗauko daga sama kaɗan yadda zan ga gangaren.

Ummu_Khalil: Abban_Sadiq, matan gidajen me suka ce wa maiɗakinka game da benen? Ba ka faɗa ba.

Abban_Sadiq: Ba ta gaya musu zancen bene ba, ni na ce ta bari tukuna tunda ba yanzu ba ne. Injiniya, gobe in sha Allahu zan je da safe in ɗauko hoton.

Ummu_Khalil: Hmm. To ai fandishon bene za ka zuba, kuma birkila ya sani, leburori sun sani. Kwana nawa kake ba labarin kafin ya shiga gidajen?